Amayi Nachuma, Mai Karanta Idon Bakwainai

Kafin masu tsinkar ganyen shayi su fita gona, Amayi Nachuma, wato Mama Nachuma, ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a barandar asibitinmu da ke gindin dutsen Mulanje. Kayan aikinta curin zare ne ja, da kofi, da cokali. Mata su jeru da jariransu, 'yan wata tara da bakwainai, ita kuwa ta durƙusa tana gilma zaren a gaban kowane yaro. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Ta san watan da ido ke fara bin abu, ta san watan da hannu ke bin ido, kuma a nan take gane yadda hankalin yaro ke buɗewa.

Wanda ya ga abin da ya faru da Tadala ba zai manta ba. Bakwaini ce, aka kawo ta tana da wata shida, kakarta na biye tana mita.

"Amayi, kar ki wahal da kanki," in ji tsohuwar. "Ɗan maƙwabtanmu sa'anta ne, har wawurar tuwon nsima yake a kwano. Wannan kuwa sai kallon sama. Kanta ne bai cika ba."

Amayi Nachuma ta kira ta da sunan da muke kiran kaka: "Agogo, shi ya gama watanninsa a ciki, ita da saura biyu ta fito. Cire su tukuna kafin ki yi mata gori."

Aka yi dariya. Amma da ta gilma zaren, idon yarinyar bai motsa ba. Ta sake, shiru. Sai ta zagaya gefe ta ƙwanƙwasa kofi da cokali. Nan take Tadala ta waiwaya.

"Kanta lafiya lau," in ji Amayi Nachuma. "Idon ne. Ku kai ta birnin Blantyre wurin likitan ido, kar ku ɓata lokaci."

Ba su je ba. Uban ya ce wahalar banza ce. Sau uku Amayi Nachuma ta hau keke ta haura ƙauyensu cikin taɓon damina. A na ukun ya tare ta a ƙofa.

"Amayi, ke ba kya gajiya ne?"

"Na gaji, keken ma ya gaji. Ɗauko yarinyar mu tafi."

Likita ya ce sun zo a kan gaɓa. Ranar da aka ɗaura wa Tadala ɗan tabarau, uwarta Lonjezo ta ce yarinyar ta yi tsit, ta ƙura mata ido, sannan ta miƙa hannu a hankali ta cafki hancinta. Lonjezo ta fashe da kuka, uban ya juya baya yana share fuska.

Ke ce, Amayi, kika ga abin da ya shige mana duhu. Ke ce mai haƙurin jiran ɗan yatsa ya motsa. Yara nawa aka kusa yanke wa hukunci tun ba su iya zama ba, kika ce a dakata?

Wannan watan Amayi Nachuma take ajiye aiki. Takardar ban kwana da aka karanta a taron sallamarta, Tadala ce ta rubuta ta da hannunta, tana aji huɗu, ba harafi ɗaya da ya sauka daga layi.

Mun gode, Amayi Nachuma, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaje ta, in an kawo muku yaro an ce ba zai yi ba, kar ku amsa sai kun duba da kanku.