Gawar Wesley da Kujerar Malachy

Malachy Devenney kwandastan bas ne a wani ƙaramin gari na Arewacin Ayalan kafin siyasa ta ɗebe shi. Rashin muhalli ya ingiza shi: shi da matarsa Nuala da 'ya'ya biyar a ɗaki guda, gidajen hukuma kuwa sai Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta, ba irinsa ɗan Katolika ba. Ya tsaya kansila a jam'iyyar masu son Ayalan ta haɗe, ya ci da ƙyar. Bakinsa ba ya mutuwa, ko a layin sayen burodi sai ya yi lacca.

Ranar zanga-zangar neman 'yanci aka fasa masa goshi da dutse a kan gada. Maƙwabcinsa Wesley Orr, makaniki, ɗan Furotesta, shi ya ciccibe shi zuwa asibiti.

"Kwantar da hankalinka, mutumina," in ji Wesley. "Da irin taurin kan nan naka, dutsen nake tausaya wa."

Saura kwana uku zaɓe na gaba, Wesley ya rasu. Matarsa Hazel ta zo da wasiyya: Malachy ne zai riƙe gaban akwatin gawar har cikin coci.

Kowa ya san ƙa'ida a lokacin. Ɗan Katolika ya raka gawar Furotesta zuwa ƙofa, ya cire hula, ya tsaya waje. In ka shiga, kafin Lahadi unguwa ta gama da kai.

"Shiga mana, gwani," in ji Nuala. "In ka faɗi zaɓe, iyali arba'in ɗin da ke jiran gida sai su tare a cocin."

Ranar jana'iza ta zo. Malachy ya saɓa akwatin a kafaɗa, ya taka har ƙofa, idon jama'arsa a kansa daga tsallaken titi. Nan ya zame kafaɗarsa. Ba a tanadi wani a madadinsa ba, mutum biyar suka shiga da Wesley, akwatin a karkace.

Ya ci zaɓen da ratar ƙuri'a sha tara. Ya ƙara shekara sha huɗu a majalisa, iyalan nan duk sun samu gida, wasu da ban-ɗaki a ciki. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi kuskure, abin dai ya ci gaba da cin sa.

Hazel ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya. Kullum da safe takan gaishe shi ta kan shinge, cikin ladabi: "Ina kwana, kansila." Har ya mutu yana jiran ranar da za ta zage shi ya huta.