Ragon Baffan Lawali

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da tuƙin ƙananan jiragen sama, ban taɓa mantawa da ranar da aka ɗora ni a sikeli ɗaya da rago ba, kuma jama'ar gari suka zaɓi ragon. Ku matasan da ke filin jirgi yau kuna ganina tsoho ramamme, to ku sani a lokacin ina da tumbin da sai ya riga ni shiga ɗaki.

Shekarun farin nan ne na tsakiyar tamanin, ana cikin bazara. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Zinder, muna da jirgi ƙarami mai inji ɗaya da kujeru huɗu, mun cire na baya muna loda madarar gari da magani. Inda kamiyo, wato babbar motar kaya, zai kwana biyu yana haƙa rairayi, mu sai mu je da hantsi mu dawo kafin la'asar. Filayen da muke sauka ba filaye ba ne na a zo a gani. Mutanen gari ne ke share ƙayoyi, su jera duwatsu a gefe, shi ke nan an yi filin jirgi.

Ɗalibina a lokacin shi ne Lawali, ɗan wani ƙauye gabas da Damagaram Takaya. Hannunsa a tuƙi kamar an haife shi a sama, amma yana da ciwo ɗaya: kunya. Lawali ba ya iya ce wa babba a'a. Ko ruwan zafi dattijo ya miƙa masa, zai shanye ya ce madalla da sanyi.

Ga waɗanda ba ƴan sana'ar ba, ɗalibi ba ya tashi shi kaɗai sai malaminsa ya sa hannu cewa ya yarda da shi. Kafin in sa hannun, al'adata ita ce in ware rana guda in ce wa ɗalibi yau shi ne kumandan jirgi, wato mai yanke hukunci a kan komai, ni kuwa kaya ne. Ba na ba da shawara, ba na gyara kuskure, sai dai in na ga za a kashe ni. Wanda ya kai ni wannan matsayin kuwa ya faɗi, sai ya sake jira.

Ranar Lawali ta faɗo a kan tafiyar da za mu sauke rabin kaya a ƙauyensu, mu wuce da sauran wani sansani can arewa inda makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka taru. Ba zan ɓoye muku ba, ni na zaɓi ranar da gangan.

Saukar da ya yi ko ƙwai ne a aljihuna ba zai fashe ba. Kafin farfela ta tsaya gari ya fashe da guɗa. A gaban taron ga maigari tsaye, dogon dattijo da sanda, wanda shi ne baffan Lawali. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya sayar da shanunsa ya sa shi lakwal, wato makarantar boko, lokacin da ƴan'uwa ke cewa ɓarna ce. Lawali ya durƙusa har ƙasa da kayan matuƙa a jikinsa, dattijon yana ta kallon jirgin yana kallon yaron, yana ta cewa "Ikon Allah."

Niyyarmu mu sauke kaya mu tashi da sanyin safiya. Amma wa ya isa ya shiga garinsu ya fita bai gaida gwaggo ba? Daga wannan gida sai wancan, a ko'ina sai an zauna, a ko'ina sai an kawo ruwa duk da wahalar da ake sha kafin a samo shi. Ina ganin Lawali yana satar kallon rana, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Ni kuwa kaya ne, kaya ba ya magana. Da muka dawo wurin jirgi rana ta take tsaka, ko ganye ba ya motsi.

Nan ne sai ku fahimci matsalar. Idan zafi ya tsananta iska takan yi sakayau, fiffike ba ya samun abin dafawa, inji ma kasala yake yi. Rairayi mai laushi kuma yana riƙe taya. Jirgin da zai tashi a rabin fili da safe, da tsakar rana sai ya cinye filin duka. Filin garin su Lawali kuwa gajere ne, a ƙarshensa ga manyan itatuwan gawo a jere, su kaɗai ne kore a duk faɗin ƙasar. Da isansi, wato man da ke tanki, da madarar mutanen arewa, da Lawali, da ni da tumbina, mun riga mun kai iyakar abin da filin zai yafe mana.

Sai ga mutum biyu suna jan rago.

Jama'a, na ga raguna, amma wannan balami ne fari tas, ƙirjinsa kamar na maraƙi. A garin da awaki suka zama ƙashi da fata, shi kaɗai ne mai ƙiba, in ka cire ni. Ashe tun ranar da Lawali ya fara koyon tuƙi baffan ya ware shi, ya yi alkawarin ranar da yaron ya sauko da jirgi a garin nan zai ba shi. Da fari ya zo sauran dabbobinsa suka yi ta faɗuwa, shi kuwa yana tsinto masa ƴaƴan gawo da hannunsa, yana rage dusar gidansa yana ba shi.

Maigari ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Lawali, ga alkawarina. A ɗaure shi a sa a jirgi, mutanen Zinder su san kana da gida."

Lawali ya dube ni. Na ɗauke kai ina kallon sama kamar ina neman hadari. Ya matso ya ce a hankali, "Malam, ka yi masa bayani mana, kai zai ji taka."

Na ce, "Kumandan, buhun madara ka taɓa jin ya yi bayani? Amma fa rago ne mai kyau. Rabona da tsire har na manta."

Aka ɗaure ƙafafun rago, ƙarti huɗu suka cusa shi a kan buhuna yana ta kuka. Lawali ya shiga, na shiga. Ya tada inji, ya ja jirgin zuwa farkon fili, ya juya hancinsa ya fuskanci gawo. A nan wasa ya fita daga raina. Na ɗora hannu a gwiwata kusa da abin kashe inji, na ƙudura cewa yana ƙara wuta zan kashe, in karɓi jirgin, in sauke ragon da kaina. Da hakan ta faru da ba zan sa masa hannu ba, kuma ban san ranar da zan sa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son yaron nan.

Gumi yana zuba daga haɓarsa. Ya dubi gawo, ya waiwaya ya dubi rago, ragon ma ya dube shi. Sai na ga hannunsa ya riga nawa, ya kashe injin.

Ya sauka ya taka har gaban baffansa, ya sake durƙusawa a gaban duk garin. Na biyo shi a baya ina haki.

Ya ce, "Baffa, na karɓa, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ragon nan ba zai hau jirgi ba."

Dattijon ya ce, "Me ka ce?"

"Nauyi ya yi yawa, Baffa. Idan na tashi da shi ba za mu tsallake gawon can ba. A gabanka za a kwashe mu."

"Jirgin da ya ɗauko buhuna daga Zinder, rago ɗaya ne zai gagare shi?" Sai ya juyo ya auna ni da ido daga sama har ƙasa, ya nuna ni da sanda. "To in nauyi ne, sauke wancan mai tumbin. Ai ya yi ragon nan biyu, kuma tun da kuka zo ban ga aikin da ya yi ba."

Gari ya kwashe da dariya, har wata tsohuwa tana cewa a bar musu ni za su ba ni wurin kwana. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lissafin dattijon daidai ne. Na ga Lawali ma ya ɗan dube ni yadda ake duban buhu, na ce a raina yau na ga ta kaina.

Ya ce, "Baffa, shi ba ni da izinin tashi ba shi. Madarar kuma ta yaran mutane ce, ba zan sauke ko buhu ɗaya ba. Ragon ne zai sauka. Tunda ka ba ni ya zama nawa, ina roƙo a yanka shi yau a raba wa masu jego da yara."

Bai janye ko kalma ɗaya ba. Maigari ya dube shi, ya juya ya nufi gida. Bai ce Allah ya kiyaye hanya ba, bai waiwayo ba. Duk wanda ya san dattawanmu ya san da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Aka sauke rago. Lawali ya sa samari suka tura jirgin baya har wutsiyarsa ta kusa taɓa ƙaya, don kada ya bar ko taku ɗaya na filin a banza. Ya ba inji wuta duka, muka fara gudu, rairayi yana riƙe mu, gawo yana girma a gabanmu. Na karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Jirgin ya ɗaga da ƙyar, muka wuce kan itatuwan kusa ƙwarai, har ina ganin ƴaƴan gawo ɗaya ɗaya.

Har muka sauke kayan arewa muka koma Zinder Lawali sai share ido yake yi yana cewa rana ce. Da yamma na sa masa hannu. Ya karɓa ba murna, ya ce, "Malam, na samu jirgi na rasa uba." Ni kuwa na san ni na zaɓi ranar.

Na koya wa mutane da yawa tashi da sauka, kuma wannan kowa yana iyawa in ya daure. Abin da ban taɓa iya koyarwa a allo ba shi ne yadda mutum zai durƙusa a gaban wanda ya rene shi ya ce masa a'a. A ƙasarmu gawo da rairayi ba su cika kashe matuƙi su kaɗai ba, sai kunya ta taya su.

Bayan wasu makonni wani direban kamiyo ya zo filin jirgi yana cigiyar Lawali, da ƙunshi a hammata. Aka kwance, sai ga buzu fari tas, an jeme shi ya yi laushi. Direban ya ce maigari ne ya aiko. Wai ranar bai shiga gida ba, a bayan danga ya tsaya, ya ga tazarar da ke tsakanin tayarmu da gawo da idonsa.

Lawali ya ce, "Bai ce komai ba?"

Direban ya ce, "Ya ce a shimfiɗa a kujerar kumandan. Wai in tambaye ka, wannan ma ya yi nauyi?"