Ranar da na kai wa Baba maganin tsufa

Jiya a unguwar Bobiel na miƙa wa Baba kwalbar wani magani da na sayo a farmasi, wanda aka tato daga tsirrai.

Na shiga yi masa bayani kamar ina gaban ɗalibaina. Na ce a jiki akwai ƙwayoyin halitta da suka tsufa, sun daina aiki, sun ƙi gusawa, suna damun na kusa da su. Wai maganin yana share su.

Ya daɗe yana juya kwalbar, sannan ya ce, "Malam, ni ma na daina aiki, kuma ban gusa ba. Ina damunku ne?"

Na zauna kan tabarmarsa ina matsa masa ƙafa har aka kira la'asar.

Ku da ke da tsofaffi a gida, da wane baki kuke yi musu maganar tsufa?