Ɓeran da Ya Ci Farcen Ɗan Koriya

Mu biyu ne kaɗai a gidanmu na Akokan, garin masu haƙar yuraniyom, ni da Kaka. Iyayena sun rasu tun ban yi wayo ba, ita ta raine ni da kuɗin girki. In an gama tuwon dare takan jawo murhu bakin ƙofa, ta tura ƙafafunta kusa da garwashi, mu zauna muna jin gurnanin manyan motocin kamfani daga nesa. Ba ni da abokin rigima a kan tabarma, don haka duk tatsuniyar tawa ce ni kaɗai.

Kaka mutuniyar Tahoua ce, amma tatsuniyar da na fi so ba daga can ta taho da ita ba. Ta taɓa yi wa wani ɗan Koriya girki, mai gyaran injuna a wajen haƙar yuraniyom. Malam Shiru take ce masa, don sai ya wuni bai yi magana goma ba. Wata rana tana shara ta ga 'yar takarda a ƙulle, ta buɗe, sai ga yankakken farce. Tana shirin zubarwa ya taso da gudu ya karɓe.

"Na ce mishi, mi za ka yi da ƙazanta, kai kuwa?" in ji Kaka, tana dariya har da tari. "Sai ya zamna ya ba ni labari, rabi da baki, rabi da hannu."

Ga yadda take farawa: "Ga ta nan, baƙuwa ce, ku ba ta wuri." Ni kaɗai ne "ku" ɗin, sai in matsa.

Wai a ƙasarsu wani saurayi ya tafi karatu kan dutse, ya shekara uku. Kullum ya yanke farce sai ya watsar, ɓera yana bi yana cinyewa. Da ya ƙoshi sai ya rikiɗa ya zama saurayin sak, ya gangara gida. Aka yi murna, aka ba shi ɗaki da akushi. Ran da na gaskiyar ya dawo, uwarsa da kanta ta kore shi, ta ce ɗanta yana ciki. Sai da wani tsoho ya ba shi shawara ya koma da kyanwa a hannun riga, ta daka tsalle ta shaƙe na ƙaryar, ya koma ɓera.

"Kaka, in mutum ba shi da kyanwa fa?"

"Sai shi yi sauri shi koma gida, maigidana," ta ce, ta ja kunnena.

Ta ce Malam Shiru yana da ɗiya a can ƙasarsu, hotonta na aljihunsa. A lokacin dariya nake masa, ƙaton mutum mai sarrafa inji yana tsoron ɓera.

Kaka ta rasu, ni ma na shiga aikin ramin yuraniyom, na yi aure. Da aka rufe ramin Akokan sai na bi masu neman zinariya can arewa, na bar ɗiyata Hadiza tana rarrafe. A bukkar leda, ran Juma'a, na tsinci kaina ina ƙulle farcena a takarda. Ban yarda da camfin ba, amma kewa ta ishe ni, kuma ina tsoro.

Bayan shekara uku na dawo da tsaraba niƙi-niƙi. Na durƙusa na miƙa hannu, Hadiza ta ɓuya bayan zanen uwarta. Da muka zauna cin abinci na ji tana raɗa:

"Mama, baƙon nan yaushe zai tafi?"

Na mayar da lomar cikin akushi. Babu ɓeran da ya ci farcena, babu wanda ya zauna a tabarmata. Ni ne dai na daɗe, kuma ban san inda ake samun kyanwar wannan ba.