Baba a Kan Sitiyarin Injin Tsere

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda sai na yi lalube kafin in tuno su, amma ranar da mahaifina ya zo na ƙarshe a tseren mota, ko shekara ɗari zan yi a duniya ba za ta fita daga raina ba. Na ƙarshe fa na ce, ba na ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji ina godiya ga Allah kamar jiya abin ya faru.

A lokacin ina da shagon gem, wato wasannin bidiyo, a ƙofar gidanmu a Kaura Namoda. Ɗaki ne manne da zaure, na fasa masa ƙofa ta waje, na sa talabijin biyu na masu buga ƙwallo. Daga baya na je Kano na ci karo da wani tsohon injin tseren mota, irin na da can, mai kujera da sitiyari da totur da birki, da 'yar giya a hannun dama mai hawa biyu kacal. Mai shi ma neman kai yake yi da shi. Motocin da ke ciki kamar da kwali aka yanka su, itatuwan gefen hanya duk kama ɗaya, ga wani kiɗa mai tsini da ke shiga har cikin haƙori. Amma samarin unguwa da 'yan kabu-kabu suka mace a kansa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: akwai agogo a saman allo yana ƙirga baya, duk ƙofar da ka wuce a hanya sai ya ƙara maka 'yan daƙiƙu, in ya ƙare ba ka isa ba sai motar ta mutu a tsakiyar titi. Ƙofofi huɗu ne, layin ƙarshe yana gaban ta huɗun.

Baba bai taɓa leƙa shagon nan ba. Direba ne, ya haura shekara talatin yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, wani lokaci ya yi Zurmi. Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya: bai taɓa ɗaukar fasinja ya kasa sauke shi inda ya ce ba. In aka ambaci sana'ata a gabansa sai ya taɓe baki ya ce, "Ƙato da gemu, shina tara ɗiyan mutane suna tuƙa iska." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, in na fita in gaya wa Inna ai iskar ba ta cin taya.

Wata ranar kasuwar Shinkafi ya cika mota, sun yi nisa, sai hawan jini ya buge shi a kan sitiyari. Hannun dama da ƙafar suka saki. Allah ya taimake shi ya lallaɓa da na hagu, ya gangara gefen titi ya tsaya, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Wata mota ce ta kwashe fasinjojin, shi kuma aka wuce da shi asibiti a Gusau.

Da muka dawo gida, baki ya warware, ƙafa ta samu dama-dama yana dogara sanda, amma hannun ya ƙi. Likitan gashin ƙashi ya gaya mana babu ɓoye-ɓoye cewa watannin farko su ne komai, in ba a motsa hannun ba zai sandare, kuma shi ke nan. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya wurga shi ƙarƙashin gado ya ce, "Ni za a ba ƙwallo awa jinjiri?" Ya daina fita, don ba zai iya miƙa wa mutum hannun dama su gaisa ba. Abinci sai ya rufe ƙofa yake ci, kada a ga yana kai loma da hagu. Abokansa na tasha su zo, ya ce a ce yana barci. Wata rana ina matsa masa ƙafa na ce ya gode Allah, ai ya ceci rayuka. Ya dube ni ya ce, "Na ɗauki mutane ban kai su ba. Mi yar rage?" Wallahi tsoro na ji, don na ga ba hannun kaɗai ke mutuwa ba.

Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, babu kowa a shago. Na gyara totur ɗin injin, na zauna ina gwadawa, na ƙure sauti. Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana.

"Wa ka kashe injin ga haka?" in ji Baba. "Kai, ba ka jin tana kuka? Sa mata giya!"

Na ce, "Baba, ai wasa ne."

Ya ce, "Tashi."

Na tashi. Ya zauna, ya gyara riga, ya ɗaga kai yana neman madubi bai gani ba. Ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar hawa mota tun daga farko har ƙarshe. Kafin ya shafa, sauran motocin sun ɓace. Sannan ya taka totur a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Ya kama hannunsa na titi bai kauce ba. In ya hango kwana sai ya rage. In wata mota ta taho ta baya sai ya matsa mata ya ce, "Wuce, Allah shi kiyaye hanya." Can ya fara dukan tsakiyar sitiyari.

"Ina odar?"

Na ce babu oda.

"Mota ba oda? Wane mahaukaci yaƙ ƙera ta?"

Ko ƙofar farko bai kai ba agogo ya ƙare, motar ta mutu. Na yi masa bayanin lokaci, na ce a nan gudu ake yi, ko ka daki mota ba ta lotsewa, ko ka wuntsila sai ta miƙe. Ya harare ni ya ce shi ba ya bugun motar mutane, ta kwali ce ko ta ƙarfe. Dariya ta cika mini ciki, sai idona ya sauka kan abin da ya tsayar da ita. Hannunsa na dama, wanda ke kwance a cinya wata biyu, ya tashi ya dafa giya. Bai iya tura ta ba, yatsun sun kwanta ne kawai a kai, kuma shi kansa bai sani ba. Na kau da kai na yi kamar ina goge talabijin.

Tun daga ranar kullum da hantsi sai ya shigo, kafin samari su taru. Bai taɓa cewa wasan ya burge shi ba, cewa yake ya zo ya ga ko motar ta yi hankali. Da sauri ya gane ba za a isa ko'ina a giyar ƙasa ba, dole a tura ta sama. Na ce ya miƙa hannun hagu mana. Ya ce direba ba ya sakin sitiyari ya ƙetara hannu, wannan aikin 'yan koyo ne. Haka ya riƙa tura giyar da tafin hannun dama, gumi na zuba, jijiyar wuya ta tashi. Ya wuce ƙofa ta ɗaya, bayan kwanaki ya wuce ta biyu, ya kai ta uku. Inna ta ce mini ta gan shi ya zaro ƙwallon nan daga ƙarƙashin gado yana matsawa a ɓoye.

Daga nan abu ya cije. Sati biyu yana mutuwa tsakanin ƙofa ta uku da ta huɗu, kusa da wata gada. Fara'ar da ta fara dawowa ta gudu. Wata rana ya daki sitiyari ya tashi, washegari bai zo ba, jibi ma haka. Hankalina ya tashi. Sai na tuna wanda ya sayar mini da injin ya nuna mini wasu ƙananan makunnai a bayansa, waɗanda ake ƙara lokaci da su ko a rage. Na buɗe na ƙara. A raina gani nake na yi dabarar da babu kamarta. Na je na yi ta lallashi har ya yarda ya fito.

Ya yi addu'arsa ya tashi mota. Ya wuce ta uku, ya haye gada, ya wuce ta huɗu. Ga layin ƙarshe can ana hangowa. Sai na ga ya ɗaga ƙafa daga totur, ya gangara gefen titi ya tsaya, ya naɗe hannu yana kallon agogo har ya ƙare.

"Ka taɓa agogon ga," ya ce, ko juyowa bai yi ba.

Na fara rantse-rantsen da ba su da kai.

"Yi man shiru. Shekara talatin ina auna hanya. Kullum in na kawo gadar ga saura bakwai gare ni, yau na ga sha biyar. Hanya ta taƙaice ne, ko ni na yi hiffike?"

Na ce, "Baba, so nake ka ji daɗi."

Sai a nan ya juyo. Idonsa ya yi ja. "Tausaina kaka ji? Uwarka na jin tausaina, 'yan tasha na jin tausaina, har kai? Wuri guda nika zuwa inda ba a raga man, shi ma ka lalata shi. In na isa da ƙarya, ai ban isa ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba haƙuri yake so ba, in buɗe bayan injin a gabansa in mayar da komai yadda yake. Ya tsaya a kaina da sandarsa har na gama, ya sa na tashi mota ya duba agogon da idonsa. Sannan ya ce gobe in share kujerar, akwai ƙura.

Ya ci gaba da zuwa har gero ya fara nuna. 'Yan kabu-kabu suka gano, suka riƙa shigowa da wuri suna tsayawa a bayansa. Da farko dariya ke kawo su, daga baya suka koma masu ƙirga masa daƙiƙu. Akwai wani ɗan garin Banga a cikinsu, shi ne gwanin injin a lokacin, ya ce masa, "Baba, in kun kawo kwanar gada ku yanke ta cikin haki, duk haka muka yi." Baba ya ce shi ba ya shiga gonar mutane da mota. Bai ƙara gudu a kwana ba ko sau ɗaya. Abin da ya canza shi ne hannun. Da yana fita kwana sai ya ɓata lokaci yana kokawa da giya, yanzu sai ka ji ƙwas, ta shiga.

Ranar da nake ba ku labari, yayyafi ake yi, mutum biyar ko shida sun fake a shagon. Baba ya haye gada da saura tara. Ya wuce ƙofa ta huɗu. Shagon ya yi tsit, sai kiɗan nan mai tsini. Hanya ta miƙe, ya danne totur har ƙasa, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Uku, biyu, ɗaya, agogo ya ƙare, injin motar ya mutu, ga layi nan gaba kaɗan. Wani ya ce, "Wayyo!" Amma motar ba ta tsaya nan take ba, gudun da ta ɗauko ya ci gaba da tura ta. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai motsa ba, tana silalewa, tana silalewa, har hancinta ya taɓa layin.

Allo ya nuna cikin motoci takwas shi ne na takwas. Shago ya kaure da kabbara kamar an ci kofi. Shi kuwa ya mayar da giya ƙasa, ya yi hamdala, sannan ya waiwaya ta kan kafaɗarsa, yadda yake yi a tasha, ya ce, "Mun iso. Kowa shi sauka lahiya."

Na fita waje na tsaya cikin yayyafi, don kada a ga ƙato da gemu yana hawaye. Da na dawo na tarar ɗan Bangan nan ya miƙa masa hannu, Baba kuma ya ba shi na dama, ya damƙe har sai da saurayin ya ce, "Wash, Baba, sakar man!" A ranar ya ci tuwo da mu a kwano ɗaya, ƙofa a buɗe, da la'asar kuma ya taka zuwa masallaci ya gaisa da duk wanda ya gani, har da waɗanda bai sani ba.

Bai koma jigila ba, hannun bai kai nan ba. Amma yana ci da shi, yana alwala da shi, kuma kusan kullum yana tasha yana yi wa sababbin direbobi faɗa a kan gudu. Injin ya daɗe da mutuwa, an rasa mai gyara. Masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun taya shi ya fi sau nawa, Baba ya ce duk wanda ya taɓa motarsa su haɗu. Yana nan a zaure, Inna ta lulluɓe shi da tsohon zane.

Na gode wa Allah da ya sa na kwaso wannan tarkacen daga Kano, na kuma gode masa da ya sa Baba ya kama ni a ranar da ya kama ni. Da dabarata ta yi aiki, da ya isa layin nan da wuri, ya tashi da raunanannen hannu, ni kuma ina ta yabon kaina. Abin da na koya shi ne, in wanda kake ƙauna yana kokawar miƙewa, kada ka taƙaita masa hanya a ɓoye da sunan tausayi. Ka share masa kujera, ka tsaya a bayansa, ka bar shi ya isa da kansa.