Warin Kafur da Littattafan Kawu

Tun ranar da ɓarayi a motar tasi suka ƙwace jakata suka turo ni waje a hanyar Apo, ban sake fita ba. Ko hon ɗin mota na ji, sai in ruga ɗaki. Oga kuma ya aiko cewa in ban zo aiki Litinin ba, za a ɗauki wata.

Jiya Umma ta buɗe akwati, warin kafur ya bugi hancina, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Da kafur yake tsare littattafansa daga ƙwari: na fatalwa, na binciken kisa, na mutanen wasu duniyoyi, duk gwanjo daga ƙarƙashin gadar Mararaba. Wanda bangonsa ya yage, da takardar siminti yake yi masa riga.

Wata rana ana ruwa, ina karanta masa wani na gidan fatalwa, na kai tsakiya na rufe.

"Kawu, wallahi ba zan iya ba."

Ya sauke tabarau. "Haba uwata! Za ki bar 'yar mutane a ɗakin nan ita kaɗai? Buɗe mu fito da ita."

Na ci gaba da karatu, shi kuwa yana ɓare mini gyaɗa, har yarinyar ta tsira.

Da na tuna wannan, na roƙi Umma ta raka ni tasha ranar Litinin. Tsoron yana nan, amma zan shiga motar. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, ni kuma Ya dawo da ni gida lafiya.