Tsakin Teku da Damin Iri

A gidanmu na Pauwa, da an gama sallar isha'i muke kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, tana ɓarar gyaɗa tana yi mana tatsuniya. Ita kaɗai ce a ƙauyen ta taɓa ganin teku. Tana yarinya iyayenta suka tafi da ita Makka a ƙafa, suka haye Bahar Maliya a jirgin ruwa, shi ya sa tatsuniyoyinta ba su cika yin Gizo da Ƙoƙi ba, kifaye ne. Ta ce da duhu ya yi ruwan kan yi ƙyalli kamar an watsa garwashi. Matuƙan jirgi suka ce mata wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ido ba ya kamawa ɗaya-ɗaya. Ita ta raɗa masu suna tsakin teku, don sun tuna mata da tsakin da ake watsa wa 'yan tsaki.

Daren da ba na mantawa shi ne wanda Alhaji Lawal ya kwana gida. Yayan babanmu ne, ɗan farin Iya, mazaunin birni. Ba ya zuwa shuka, ba ya zuwa noma, ba ya zuwa jana'iza sai ta mai kuɗi, amma ranar da aka ɗaure dawa hancinsa kan jiyo ƙamshinta tun daga Kano. Ya zo da farar shadda yana taka ƙasar gidan ubansa kamar mai tsallake kashin kaji. Ruwan randarmu ma ba ya sha, wai kore ne. A shekarar za a yi bikin 'yarsa, ya ce duk abin da ke rumbu za a loda mashi, har da damin iri, zaɓaɓɓun zangarniyoyin da Baba ya ware don shukar baɗi. Wai in damina ta zo zai aiko da na zamani. Mu yara ma mun san wannan aike, shi da kiran sallar kurma duk ɗaya.

Baba ƙane ne, bai iya musu da yayansa ba. Iya kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki: ko sunansa ba ta faɗi, balle ta dube shi ta yi mashi faɗa. "Wancan" take ce mashi. To, a daren ta sa aka shimfiɗa wa wancan tabarma inda zai ji, ta ce mana ga ta nan, mai kunne ya tara.

Wai a teku akwai giwan ruwa, ƙato, mai tumbi kamar rumbu. Yana zaune kusa da gaɓa, inda koguna ke zubowa da laka, ruwan ya yi kore shar. Can saman ruwan, iyakar inda rana ke kaiwa, nan tsakin teku ke zaune. Ba su da baki ba su da suna, rana suke sha su yi ƙiba. Ƙwarin ruwa su ci tsaki, 'yan kifi su ci ƙwari, manyan kifi su ci 'yan kifi, giwan ruwa ya haɗiye manya. Iya ta ce sai an cinye rumbu guda na tsaki kafin a sami kwandon 'yan kifi, kwandon nan kuma ko tsoka ɗaya ba ya ƙara wa giwan ruwa, don kowa ya ci sai ya ƙone rabonsa wajen iyo kafin a cinye shi.

Rannan giwan ruwa ya dubi koren ruwan nan ya yi tsaki. Nan Iya ta kumbura kumatu, ta ja murya ta hanci, wallahi sak muryar Alhaji: "Ni da girmana, in zauna cikin ƙazantar talakawa? Ku kai ni inda ruwa ke da haske."

Muka kwashe da dariya. Alhaji ma ya yi, shi a ganinsa da kifi ake.

Sai giwan ruwa ya yi ƙaura zuwa tsakiyar teku, inda ruwa ke garai-garai har kana ganin inuwarka. Kafin ya tafi ya sa bayinsa suka tattaro mashi duk abin da ke motsi a gaɓa, manya da ƙanana, har masu ƙwai a ciki, suka kuma share tsakin nan da ya ce yana ɓata mashi ƙamshi. Ya ci guzurinsa ya ƙare. Ya aika gaɓa a kawo, aka tarar ba kowa. Ya buɗe baki yana jira, ba abin da ke shiga sai ruwa mai tsabta. Haka ya rame har haƙarƙarinsa suka fito, yana kallon kansa sarai a cikin ruwan.

"Ruwa mai haske ruwan yunwa ne," in ji Iya, tana tura itace cikin wuta. "Wanda ya raina kore, da farin ruwa zai karya kumallo." Ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus kan kusu ba a daren, ta dai karkaɗe zanenta ta shige ɗaki.

Kuna tsammanin Alhaji ya ji? Ina! Da safe ya yaba wa tsohuwa da iya labari, ya sa aka loda har damin iri. Ina tsaye na ga Baba da kansa ya ɗora shi a mota. Irin zamani bai zo ba. Da ruwa ya sauka Baba ya bi maƙwabta yana roƙon iri, ya samo wanda bai san ƙasarmu ba, muka yi shekara muna auna tuwo da ido. Dawar da kakanmu ya zaɓa da hannunsa, aka yi ta adanawa shekara da shekaru, ta ƙare a tukunyar biki, baƙi suka ci suka ce miyar ba gishiri.

Iya ta daɗe da rasuwa. Kwanaki ɗiyata tana bitar karatunta na kimiyya, na ji tana cewa ƙananan halittun saman teku su ke ciyar da duk abin da ke cikinta, kuma sun fi yawa kusa da gaɓa. Na ce mata ai tsohon labari ne, a bakin murhu na ji shi.

Yanzu muna cikin garin Ƙanƙara. Rashin tsaro ya kore mu daga gona, rumbunanmu sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun gaji sun tafi. Alhaji Lawal ya tsufa, hatsi ya yi tsada a birni. Da kaka ta yi sai ga shi ya bugo wa Baba waya. Bai tambayi yadda muke kwana ba, bai tambayi wa aka binne ba. Ko akwai ɗan abin da za a aiko mashi, ko da tiya biyu ce? Da ni na karɓi wayar, da ya ji abin da uwarsa ta kasa faɗa mashi. Amma Baba ya kalli tafin hannunsa da ya yi laushi don rashin fartanya.

"Yaya," ya ce, "ruwan ya yi haske."